Buhun Burodin Hajja Zubaidatu

A unguwar Ammariyya ta birnin Jidda babu wanda bai san Hajja Zubaidatu ba, amma har zuwa bara kaɗan ne za su iya rantsuwa cewa sun taɓa ganinta a tsaye. A zaune aka san ta: kan dardumar falonta, baya jingine da matashi, butar shayi a hannun dama, na'urar sanyaya ɗaki tana hura mata ƙeya. In za ta gaida mara lafiya a layin baya, ɗanta Mustafa ne zai kawo mota bakin ƙofa ya zagaya da ita ta babban titi. Tafiyar da mai ƙafa zai yi a minti uku, su sai su yi ta a minti goma sha biyar.

Kuma duk unguwar babu wanda ya kai ta ba da labarin tafiyar ƙasa. A Mai-Wurno aka haife ta, a bakin kogi can ƙasar Sudan. Kakanta da ƙafarsa ya taso daga ƙasar Sakkwato ya nufi Makka, ya shekara bakwai a hanya, da ya iso Mai-Wurno ya tsaya hutawa, ya yi aure, hutun bai ƙare ba har ya rasu. Ita ce ta ƙarasa masa tafiyar, a jirgin ruwa, tana amarya 'yar shekara goma sha tara, aka kawo ta gidan wani tela da ke da shago a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda. Wannan labari ta ba da shi ya fi sau ɗari, kullum tana rufewa da cewa mutanen yanzu ba su da ƙafa. Sannan ta ce a miƙo mata gwangwanin sukari da ke kan tebur, taku biyu daga inda take.

Telan ya daɗe da rasuwa. Ya bar mata 'ya'ya biyu. Mustafa ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da ya haifi 'yarsa Nuf ta sami sauƙi, take ce masa Baban Nuf. Yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, shi da matarsa Areej suna zaune tare da ita. Ta biyun ita ce Sadiyya, wadda ta gaji ɗinkin ubanta, tana aiki a wani shagon mata a unguwar Ruwais. Sadiyya ta rasu cikin watan Shawwal shekara biyu da suka wuce, bayan jinyar mako goma sha ɗaya. Shekarunta talatin da ɗaya da wata huɗu.

Kafin ta kwanta ciwo, ita da uwar sun tsai da magana za su yi umra tare a watan Sha'aban. Da watan ya kama, Hajja ta ce gwiwa ta dame ta, a bari sai ta ji sauƙi, ai Makka na nan kusa. Sadiyya ta yi mita ta haƙura. Wannan magana Hajja ba ta sake tayar da ita da kowa ba, har wata safiya da zafi ya fara sauka, ana karyawa, ta ajiye kofi ta ce a Sha'aban mai zuwa za ta yi wa Sadiyya umrar nan, kuma da ƙafarta.

Mustafa ya ce umra babu matsala, mota na nan, izini ta waya ake nema, keken tura tsofaffi kuwa zai saya sabo ya tura ta da hannunsa. Ya ƙara da cewa ya tambayi liman, umra a keke ta inganta, ladan bai ragu ba. Hajja ta ce ta san wannan tun kafin a haifi limamin.

"Ni na zaunar da ita waccan shekarar," ta ce. "Ba zan kai mata umrar a zaune ba."

Areej ta kwashe kofuna.

Likitar da ke duba ta a asibitin unguwa mace ce marar son dogon zance. Ta auna sukari, ta auna nauyi, ta latsa gwiwa, ta tambaye ta ko ta san nisan ɗawafi da sa'ayi in an haɗa. Hajja ta ce ba a auna ibada da awo. Likita ta ce ita tana aunawa: ya kusa kilomita biyar, ban da tafiyar daga wurin ajiye mota, kuma matar da ke haki daga hawa bene ɗaya za ta iya faɗuwa a tsakiyar mutane. Ta gindaya sharaɗi. A yi tafiya kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A rage sukari da burodi. In ƙarshen Rajab ya yi tana iya kilomita biyar ba jiri, ta je da ƙafarta. In ba haka ba, keke. Mustafa ya ce ya yarda. Hajja ta ce ita ma ta yarda, da muryar wadda aka yi wa rashin kunya. Wata huɗu ke gabanta.

Washegari bayan sallar asuba ta zura abaya ta fito. Ba ta kai ƙofa ta huɗu ba maƙwabcinsu Yahya ya taka burki a gefenta, ya fito da sauri ya buɗe ƙofar gaba yana tambayar ina Khala, wato inna, za ta. Kunya ta hana ta cewa ba ko'ina. Ta ce kanti. Ya kai ta kanti, ya jira, ta sayi gishiri, ya dawo da ita har bakin ƙofa. Kashegari wani ne daban, jibi kuma mijin ƙawarta Rabi. A mako guda ta shiga mota biyar, ta tara ƙullin gishiri huɗu da ashana kwali ɗaya, tafiyar da ta yi da ƙafa kuwa ba ta kai tsawon layinsu sau biyu ba.

Ba laifinsu ba ne. A Jidda dattijuwa mai ɗa namiji ba ta tafiya a ƙasa. In aka gan ta, to ko motar gidan ta mutu, ko zaman gidan ya yi tsami, kuma wanda ya wuce ta bai tsaya ba ya jawo wa iyayensa zagi. A masallaci mutum uku suka ja Mustafa gefe suna ba shi sunan makanike. Rabi ta zo da yamma, ta sha shayi kofi biyu, ta rage murya ta tambaya ko Areej ce ta yi wani abu. Da Hajja ta gaji ta fara faɗin gaskiya, cewa likita ce ta ce ta riƙa tafiya, sai abin ya ƙara lalacewa. Yanzu an san ba ta da lafiya, mara lafiya kuwa ba a barinta a rana. Yahya har ƙara sanyin mota yake yi in ta shiga.

Mustafa ya kawo tasa dabarar: ranar Juma'a ya kai ta bakin teku, inda aka shimfiɗa hanya ta musamman don masu motsa jiki. Suka yi rabin awa a mota, ya yi wata rabin awar yana neman wurin ajiyewa, ta yi tafiyar minti goma. Ta dawo ta ce ba za ta sake ba. A ƙona mai don a je a yi tafiya, in ji ta, ko a mafarki kakanta bai ji irin wannan ba. Ban da haka, tafiya hannu sake ba ta yi mata daɗi ba. Ji take kamar wadda ta ɓata ana kallonta.

Mako uku suka wuce a haka. Abin da ya fitar da ita, a gindin bangon layinsu ta tsince shi.

Mutanen garin ba sa jefa burodi a kwandon shara, don ni'ima ce, zubar da ita zunubi. Abin da ya rage sai a ƙulle a leda a rataye a ƙusa ko a jikin ƙarfen taga, a bar wa wanda zai ɗauka. Da akwai wani tsoho da ke bi yana tattarawa, amma ya koma ƙasarsu, ba wanda ya lura, aka ci gaba da ratayewa. Kowa ya sauke nauyi, burodin kuma yana nan yana fumfuna har kyanwa ta yage ledar. Wannan safiya Hajja ta ga tamis guda cur, irin faffaɗan burodin nan na tanda, kwance cikin ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyin wani gida. Ta daɗe ba ta sunkuya ba, sai da ta dafa bango. Ta ɗauka, ta sumbata, ta kai goshi. Tana miƙewa Yahya ya taka burki.

"Khala, bismillah, shigo."

"Ni'ima nake tsincewa, ɗana. Za ka tsaya mini a kowace ƙusa?"

Yahya ya dubi layin. Ledoji sun fi ashirin a rataye. Ya dubi agogo.

"Ko so kake ka raba ni da ladan?" ta ce.

Ya ce Allah ya tsare shi, ya nemi ta sa shi a addu'a, ya ja mota. Ranar ce ta fara kaiwa ƙarshen layi da ƙafarta.

Ta nemo tsohon buhun shinkafa. Kullum bayan asuba sai ta bi ƙusoshi, ta juye burodin a buhu, ta kakkaɓe ledojin ta ninke, ta mayar wa mai tanda ya sake amfani da su. Wanda ya yi fumfuna ta ware, mai kyau ta hau da shi saman bene ta shanya, hawan da a da sai an yi mata alkawarin wani abu take yinsa. Rabi ta haɗa ta da wani ɗan'uwanta, Rafi'u, mai kiwon tumaki a kudancin gari. Duk Alhamis ya zo ya kwashe busasshen, yana godiya kamar an ba shi kyautar rago.

Mustafa ne abin bai yi wa daɗi ba. Wata rana ya fito zai tafi aiki ya hango uwarsa a gefen kwandon shara da buhu a kafaɗa. Da yamma ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana juya makullin mota, sannan ya ce cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci cewa mutane za su ɗauka tana cikin matan nan masu tsintar kwali. Hajja ta ce matan nan ma uwayen wasu ne, kuma kowace a cikinsu za ta yi umra biyu kafin shi ya gama ɗaya. Ta dubi cikinsa ta ce ita dai ba ta ga kwali a nan ba, tulu ta gani. Areej ta shige kicin da sauri. Da ya ga ba zai ci nasara ba ya ce to, halas, shi ke nan, amma ta riƙa fita da iƙamarta, takardar izinin zama, kar wani jami'i ya tsayar da ita. Areej kuma ta karɓi wayar Hajja ta kunna mata abin da ke ƙirga taku, ta ɗinka wa wayar aljihu a cikin abaya.

Ba a yi wata guda ba Hajja ta san cin kowane gida fiye da masu gidan. Ta san ƙusar kowa. Kuma ba mace ce mai riƙe abin da ta sani ba. In ta haɗu da matar Yahya sai ta gaishe ta da kyau, ta tambayi yara, sannan ta ce jiya ta ga tamis biyu da rabi, ko baƙi aka yi tsammani ba su zo ba? Wani gidan ta ce musu tumakin Rafi'u na gaisuwa, sun ce burodin gidan nan ya fi na kowa laushi, ko taɓa shi ba a yi. Ba ta ɗaga murya, ba ta wa'azi. Amma mace ta gwammace a yi mata wa'azi da a faɗi adadin burodinta a gaban maƙwabta.

Nata gidan ta fara gyarawa, don Rabi ta tuna mata cewa ƙusarsu ma ba ta taɓa kwana babu kaya ba. Tamis huɗu suke saya kowace safiya, su huɗu har da Nuf da ba ta cin rabi. Aka koma biyu. Wanda ya kwana Areej ta riƙa gutsuttsura shi cikin romo, Mustafa yana ci yana cewa ya fi sabo. Hajja da kanta ta koma kwata, da wake da kokwamba. Shayi ne ya ba ta wuya. Daga cokali uku ta sauko biyu, ta zauna a nan mako biyu tana ciniki da kanta, sannan ɗaya, sannan rabi. Har yau in tana sha fuskarta kamar ta mai shan maɗaci, kuma ba ta yafe wa likitar ba.

Sai ga abin da ba ta zata ba: burodi ya fara ƙaranci a Ammariyya. Gidaje sun rage saye don tsoron bakinta, wasu kuma, an ce, suna cinye ragowar dole. Buhun da ke cika a layi biyu ya koma sai ta bi shida. Rafi'u ya zo wata Alhamis ya ɗaga buhu da yatsa biyu, ya tambaya ko an yi fari ne a unguwar. Hajja ta dawo gida tana faɗa cewa mutane sun yi rowa, ko ɗan abin da za a ba dabba ba sa bari. Areej ta ce ai Khala ce ta koya musu. Hajja ta ce ba ta ce su koya da sauri haka ba.

Dole ta ƙara nisa. Ta tsallaka titi, ta shiga layukan da rabonta da su tun telan na da rai, ta kai bakin Balad inda masu sayar da wake ke tara gutsattsarin burodi a kwali. Rabi ta fara binta, wai don ta riƙe mata buhu, da keken cefane mai ƙafa biyu. Daga baya aka gane ita ma an ce mata jininta ya hau. Suna tafe suna gardama kan wace ce ta fi haki. Wayar ta ce kilomita biyu, ta ce biyu da rabi, ta ce uku da mita ɗari bakwai. Hajja, wadda ta ce ba a auna ibada, kullum kafin ta cire abaya sai ta miƙa wa Areej wayar ta karanta mata.

A tsakiyar Rajab ta yi kuskure. An saya mata takalmin tafiya mai igiya, ta ce na 'yan ƙwallo ne, ta ci gaba da silifas ɗinta. Ya goge mata ɗan yatsa ya yi ƙurji. Ta ɓoye kwana biyu, sai Areej ta gani lokacin alwala. Mai ciwon sukari ba ya wasa da miki a ƙafa. Likita ta ɗaure yatsan ta ce kwana tara ba fita. Kwana taran nan Hajja ta yi su a kan darduma, inda ta shekara da shekaru tana zaune lafiya, amma yanzu kamar an ɗaure ta. Ba ta ba kowa labarin kakanta ba. Tana kallon kalanda, Mustafa yana kallonta, keken da ya saya yana jingine bayan ƙofa cikin ledarsa.

Ranar gwaji ta ɗaura takalmin 'yan ƙwallo ba tare da an roƙe ta ba. Mustafa ya bi su a mota a hankali, motocin baya suna ta yi masa oda. A kilomita huɗu da mita ɗari uku gwiwa ta ƙi, ta zauna a dakalin wani shago. Likita ta duba lambar, ta duba sukari, wanda ya sauka fiye da yadda ta zata, ta ce ba ta kai ba, amma ba ta faɗi ba. Ta bar wa ɗanta hukunci. Mustafa ya ce za ta fara da ƙafa, amma keke zai bi ta a baya, da ya ga ta yi layi zai zaunar da ita. Hajja ta ce keken ya zo, shi ma ya sami lada.

Ran sha ɗaya ga Sha'aban, bayan asuba, ta yi wanka ta ɗauki niyya a falonta, kamar yadda mutanen Jidda ke yi. Da ta zo wurin ambaton wadda ake yi wa umrar, ta faɗi sunan a sarari. Mustafa, cikin haraminsa, ya sunkuyar da kai ya fita duba mota.

A ƙofar Harami mai gadi ya tare su. Ya ce masu keke sama za su hau, ba a shiga da shi filin ƙasa. Mustafa ya san abin da wannan ke nufi: zagayen sama ya ninka na ƙasa fiye da sau biyu. In ya riƙe keken, nisan zai fi ƙarfinta tun kafin a je sa'ayi, kuma ƙarshenta a ciki za ta zauna. In ya bar shi, babu abin da zai tare ta in ƙafa ta ƙi. Ya tsaya riƙe da hannun keken, mutane suna ratsa su ta kowane gefe. Hajja ba ta ma dube shi ba. Can ya ninke keken, ya kai wurin ajiyar kaya, ya dawo ya miƙa mata hannu.

Ta yi zagaye bakwai a ƙasa, Areej a hagu, shi a dama yana kare ta daga turereniya. Ta yi raka'a biyu, ta sha zamzam, ta huta. A sa'ayi ta tsaya a zuwa na huɗu ta jingina da bango har numfashi ya dawo. A na shida gwiwar ta fara rawa, Mustafa ya buɗe baki zai yi magana, ta matse masa hannu ya fasa. Na bakwai ta yi shi taku-taku, tsofaffin da ake turawa suna wuce ta, wata ma ta ɗaga mata hannu. Awa uku da minti arba'in daga farawa suka hau Marwa.

Ta zame ta zauna a ƙasa. Areej ta sa hannu cikin mayafinta ta yanke ɗan gashi daidai gaɓar yatsa. Mustafa ya durƙusa, ya ce Allah ya kai wa Sadiyya ladan. Ta ce amin. Ta rufe fuska da gefen mayafi, suka bar ta, ba wanda ya duba agogo.

Da ta buɗe fuska ta share ido, ta miƙe ƙafafu ta dube su, sannan ta dubi ɗanta, wanda ke murza dunduniyarsa yana cije leɓe.

"Baban Nuf," ta ce, "je ka ɗauko keken nan naka. Umra ta ƙare, mota kuma da nisa."

Ya tashi yana ɗingishi ya tafi ɗaukowa.